Daga Tudu Ake Kashe Kwari

Ƙannena maza da mata, musamman ku da kuka taso a ƙauye, da ku da ke birni amma akwai gonar gado da ke jiran ku, ina so mu fara da wani ɗan lissafi da ba a cika yi mana a makaranta ba. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, to kowace hekta ta gona ta samu lita 10,000. Ruwan marka na sosai, irin wanda ake kwana ana zubawa, yakan kai milimita 30 ko ya fi. Lita 300,000 ke nan a hekta guda cikin dare ɗaya, wato duro 1,500 irin wanda ake tara ruwa a tsakar gida. Babu manomin da zai iya sayen wannan ruwa a hannun 'yan garuwa, amma Allah ya kawo masa shi har gona kyauta. To nawa ne ke kwana a gonar, nawa ne ke wucewa kafin gari ya waye?

Amsar tana ƙoramar bayan gari. Ruwan sama garau yake saukowa, amma ja wur yake isa ƙorama, wani wurin ma baƙi-baƙi. Abin da ya rina shi kuwa saman gonar wani ne, wannan ƙasa mai laushi da ba ta fi taƙi ɗaya zurfi ba, inda takin da aka yi shekaru ana kaiwa a mangala ya narke, inda saiwar gero da ta wake ke kiwo. Kafin kaurin yatsa ɗaya na irin wannan ƙasa ya samu, sai an yi shekara ɗari ko ɗaruruwa, ruwan damina ɗaya kuma yana iya tafiya da shi. Ga shi ɓarnar ba ta da ƙara. Manomi dai yana ganin damman da yake ɗaurewa suna raguwa, tsakuwa tana fitowa inda da babu ita, saiwar bishiya ta fito fili, sai ya ce gona ta gaji, ko ya ce takin zamanin bana jabu ne. Gonar ba ta gaji ba, kwashe ta ake yi.

Ku dubi yadda abin ke farawa. Ɗigon ruwa idan ya faɗo a kan ganye ko a kan karan da aka bari kwance, ƙarfinsa ya mutu, sai ya sulale ya nutse. Idan kuwa ya faɗo a kan ƙasa tsirara, sai ya farfasa ta, garin ya toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga, rana ta fito ta gasa wurin, ya yi ɓawo. Ruwa na gaba ba shi da mashiga. Da haka gona ke komawa fako, ta zama kamar rufin kwano, duk abin da ya zubo mata sai ta miƙa gaba. Ruwan da ya rasa mashiga zai nemi mafita. Zai bi hanyar shanu, ko sawun amalanke, ko kunyar da aka ja ta miƙe da gangare don sauƙin huɗa. Yana tafiya yana haɗuwa da 'yan'uwansa, yana ƙara gudu, kuma duk sa'ad da gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin dukansa huɗu yake ninkawa. Zirin da yaro ke tsallakewa bana, baɗi sai babba, bayan 'yan shekaru sai an zagaya. Kwazazzabo kuma ci da baya yake yi: ruwa na zubowa ta kansa yana ƙwaƙule gindin, gaɓa ta rufta, kan ya matsa sama, ya nufi gonar wanda yake ganin abin bai shafe shi ba.

Nan ne nake so ku ɗaga kai daga gonarku ku dubi ƙasar baki ɗaya. Kowane kwari yana da tuddan da ke zuba masa ruwa. Daga ƙololuwar tudun gabas zuwa ta tudun yamma, duk gona da daji da makiyaya da unguwar da ke tsakani, ruwansu wuri ɗaya yake taruwa, don haka makomarsu ɗaya ce, ko masu su suna ga maciji da juna. Ruwa bai san iyakar gona ba, bai ma san iyakar ƙasa ba. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Maraɗi, sannan ya juyo Nijeriya ya faɗa Rima. Majiya kuma daga duwatsun Adar take gangarowa, ta bi ta wajen Birnin Ƙonni ta ƙare a tafkin Kalmalo a ƙasar Sakkwato. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke bi ta Wudil da Ringim ya nufi fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, yashi da laka suka riƙa kwantawa a hanyoyinsa, kacalla ta samu wurin zama ta toshe su. Sai ka ga wani gari ambaliya ta cinye masa gona, wani garin kuma ruwan da ya saba isa gare shi ya daina zuwa. Ƙasar da wani ya yi asara a tudu ita ce ta zame wa wani masifa a fadama.

Kuskuren da muka fi yi shi ne mu jira sai kwari ya iso bakin gidaje, sannan a buga gangar gayya. A cika buhuna da yashi a jera, a zuba shara da tsofaffin tayoyi, a tura wakilai wurin shugaban ƙaramar hukuma. Rana ta cinye buhunan kafin damina ta raba, ruwa ɗaya ya kwashe sharar ya kai wa na ƙasa, baɗi a sake. Ba ƙoƙarin nake rainawa ba, wurin da ake yin sa ne ba daidai ba. A bakin kwari ruwa ya riga ya tara rundunarsa. Inda ake iya masa shi ne can sama, inda yake faɗowa ɗigo-ɗigo, inda ɗan rami ko jeren dutse ko tushen gamba ya isa ya tsayar da shi.

Wannan ba zancen takarda ba ne, Hausawa 'yan'uwanmu sun gwada shi a fili. Ƙasar Keita, a jihar Tawa ta Nijar, ƙasa ce ta tuddan dutse masu shimfiɗaɗɗen kai, da gangare masu tsauri, da kwaruruka masu albarka a ƙasa. Farin 1973 da na 1984, da saran itace, da yawan kiwo, sun tuɓe tuddan nan har suka koma tsakuwa zalla. Ruwa kaɗan ne a shekara, amma ranar da ya zo sai ya sauko gaba ɗaya, ya yanke gonakin kwari, ya binne wasu da yashi, ya wuce ya bar rijiyoyi a bushe. A 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da yankin da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan masu aiki da abinci. Abin da ya bambanta shi da ayyuka da yawa shi ne an ɗauki kwarin da tuddansa a matsayin abu ɗaya. A kan tudu aka tsaga fako aka ja ganuwoyin ƙasa da dutse a gicciye. A jikin gangare aka haƙa ramuka masu tsawon mita 3, a saɓe da juna, kowanne da ɗan itace a tsakiyarsa. A cikin ƙoramu aka gina shingayen duwatsu da aka ɗure cikin ragar waya, ɗaya bayan ɗaya, don ruwa ya riƙa saukowa mataki-mataki. Sai can ƙasa aka yi madatsu. Cikin kimanin shekara 20 an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Ƙannena mata, ku riƙe wannan: mafi yawan waɗanda suka yi aikin Keita mata ne. Maza sun tafi ci-rani, wasu Nijeriya, wasu bakin teku. Mata ne suka ɗauki diga da shebur suka haura tudu, suka yi dakon duwatsu a ka cikin zafin bazara. Duk wanda ya ce muku gyaran ƙasa aikin maza ne, ku tambaye shi ko ya san Keita.

Amma ni labarin da ya fi kama mini hankali ba na Keita ba ne, na maƙwabtansu ne, mutanen Illela. Illela ta jihar Tawa fa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. A 1989 wani aiki da asusun IFAD ke ɗaukar nauyinsa ya kwashi wasu 'yan tsirarun manoma ya kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su Yakuba Sawadogo, manomin nan da aka riƙa yi wa kallon mahaukaci don yana haƙa ramuka a fako da rani, wanda daga baya duniya ta karrama shi da lambar yabo a 2018, ya rasu a 2023. Mutanen Adar sun san tassa tun kaka da kakanni, 'yan ƙananan ramukan shuka ne. Abin da suka gano a Yatenga shi ne yadda ake faɗaɗa ramin a kuma ciyar da shi. Da suka dawo, wasu suka gwada a 'yan gonaki. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki suka ƙone, amma geron da ke cikin tassa ya kai. Ba a bukaci mai shela ba, gani ya kori ji.

Ga yadda ake yin ta. Da rani ake haƙawa, lokacin da babu aikin gona. Rami ne mai faɗin taƙi ɗaya da ɗoriya, zurfinsa wajen taƙi ɗaya. Ƙasar da aka fitar ba a watsar da ita, ana tara ta a leɓen ramin ta ɓangaren gangare, don ta tare ruwan da ke son wucewa. Wanda ya tara ta ta sama ya rufe wa kansa ƙofa. Tsakanin rami da rami taku ɗaya, jere na biyu kuma a saɓa shi da na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Sai a bar su buɗe, iskar bazara ta yi ta zuba musu ƙura da ganye. Kafin ruwa ya sauka a jefa taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. Daga nan gara ta karɓi aikin. Wannan garar da muke tsinewa a ɗaka, a fako ma'aikaciya ce: tana biyo takin, ta huda ƙasa da hanyoyi ta ko'ina, ruwan farko ya bi hanyoyin nan ya nutse can ƙasa inda rana ba ta kai. Bayan ruwa na sosai a shuka gero ko dawa a cikin ramin. Sau da yawa ma 'ya'yan itacen da dabbobi suka ci suna cikin takin, sai ka ga bagaruwa ko magarya ta tsiro ba wanda ya dasa ta.

Aiki ne mai karya ƙugu, kada wani ya ruɗe ku, hekta guda tana cin ramuka dubbai. Duk da haka, kafin 1998 an gyara wajen hekta 9,000 a ƙasar Illela, mafi yawa da hannun masu gonakin. Fakon da ake ba mutum kyauta ya ce ba ya so, sai ga shi ana saye ana sayarwa, kuɗinsa na hawa. Samari suka mai da haƙan tassa sana'a, ana ɗaukar su ƙodago. A ƙauyen Batodi, masu binciken da suka bi diddigin abin sun rubuta cewa ruwan rijiya da ke da nisan mita 18 a 1994 ya hauro zuwa wajen mita 4 a 2004, har mata suka buɗe lambuna. Babu wanda ya zuba ruwa a rijiyoyin nan. Ruwan da aka hana gudu a tudu ne ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo musu.

Idan aka ce in zaɓa tsakanin Keita da Illela, Illela zan ɗauka, ko da yake ban raina Keita ba. Aikin Keita ya ci kuɗi da manyan injuna, kuma irin wannan aiki yana da wani rauni da aka sha gani a wurare da yawa: abin da aka gina a filin kowa, da abincin baƙo, idan baƙon ya tafi sai a rasa mai ɗaga dutsen da ya faɗi. Tassa kuwa a gonar mutum take, da hauyarsa da takin awakinsa, ribarta a rumbunsa. Shi ya sa ta tsallaka zuwa ƙauyukan da ma'aikatan aikin ba su taɓa takawa ba. Akwai dai abin da ya fi ƙarfin hauya, babbar ƙorama ba ta jin tassa. Amma ko shingen waya bai daɗewa idan gonakin da ke samansa suna sako masa ruwa gaba ɗaya.

Haka labarin itatuwa yake. An kashe kuɗi masu yawa a ƙasashenmu wajen rainon dashe, ana bikin dasawa, manya su zo da rawani a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da su. A Maraɗi, wajen 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran sabara da kalgo da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Shi ne manoma suka sa wa suna sassabin zamani. Ya bazu a Maraɗi da Damagaram har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, yawancinsu ba wanda ya dasa. Abin da ya ba shi ƙafa kuwa shi ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Wanda ya ratsa ta Matamai ko Magarya ya ga gawo a gonaki reras, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi inuwa da rani.

Sai dai kowace ƙasa da maganinta, kada ku ji labari ku ɗauki diga ku faɗa wa gonar da ba ta bukata. Tassa ta fako ce da ƙasa mai tauri inda ruwa ke da ƙaranci. A jigawa rairayi ne zai cike ramin kafin shuka, a fadama ko inda damina ke da nauyi kuma shukar ce za ta nutse. Ramin rabin wata, wanda ake yi da faɗin mita 4, bakinsa na kallon tudu, wajen 313 a hekta, ya fi dacewa da fakon kiwo da na dashen itace. A jigawa abin da ake so shi ne sutura: a bar kara kwance, a bar itace, a yi shinge. Mutanen kwarin Majiya tun 1975 suka fara jera darbejiya layi biyu-biyu, mita 100 tsakani, don karya iska. A ƙasashen da ruwa ke da yawa, kamar kudancin Kaduna da Bauci, ba tsare ruwa duka ake so ba, rage masa gudu ake yi a ba shi hanya mai ciyawa ya fita a hankali. A kan dutse kuwa, mutanen Gwoza da Sukur sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a kan matakalan duwatsu da kakanninsu suka jera, ba su jira injiniya ba.

Abu ɗaya da ya haɗa dukkan dabarun nan shi ne a gicciye wa gangare, kuma ido yana ƙarya a nan. Ganuwar da aka ja da ido, idan ta karkata ko kaɗan, ruwa zai bi ta ya taru a wuri ɗaya ya ɓalle, ka haifi kwarin da kake gudu. Maganin abin yana hannun magina. Ku ari siririn tiyon nan mai haske da suke gwada linta da shi, mai tsawon mita 10 ko fiye. A samo sanduna biyu masu tsayi ɗaya, a yi musu alama a wuri ɗaya, a ɗaure bakin tiyon a jikin kowace, a cika shi da ruwa a kori kumfa. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya ja gaba, yana matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya daidai da alama a duka sandunan. Nan sai a kafa turke. Na baya ya wuce gaba, a sake. Yara uku suna iya fitar da layin gona guda kafin azahar, kuma za ku sha mamakin yadda layin zai riƙa lanƙwasa inda kuka rantse a miƙe yake. A kan wannan layi ake jera duwatsu: a ɗan tona ƙasa a zaunar da manya, a cusa ƙanana ta ɓangaren tudu, tsayin bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Ba a so ya tare ruwa ɗungum, ana so ya tace shi, ruwan ya wuce a gajiye, ƙasar ta zauna. Bayan damina biyu za ku tarar bayan jeren ya cika da lallausar ƙasa, ciyawa ta kama. Inda babu dutse, gamba da jema suna yin aikin, ga zana ga jinka a kai. A kan wannan layi kuma ya kamata kunya ta bi, ko da mai shanun huɗa zai yi ƙorafi.

Kwarin da ya riga ya buɗe, shi ma daga kansa ake kama shi. A fara rage ruwan da ke zubo masa daga gonakin sama, a kwantar da gaɓar kan a shimfiɗa mata duwatsu. A cikinsa kuma gara ƙananan shingaye goma da babba ɗaya. Kowanne a cusa gefunansa cikin gaɓa sosai don kada ruwa ya zagaye shi, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a kuma shimfiɗa duwatsu inda zai faɗo, in ba haka ba zai ƙwaƙule gindin ya kayar da shi. Ƙasar da ta taru a bayan shinge a dasa mata jema ko gamba nan da nan. Tsiron kashe-kwari yana riƙe gaɓa, amma a kula, ganyensa na cutar da awaki.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada shi da abin da ya rage, wato mutane. Mai gonar tudu shi ke da wahalar, mai gonar kwari shi ya fi cin moriyar, to wa zai biya wa? Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina ba zai yi dakon dutse ba, tun da bai san ko baɗi za a karɓe ba, kuma sau da yawa da zarar ya gyara ake karɓewa. Kara da ake bari a gona a da, yanzu kuɗi ne, ana kwashe shi tas har a share, wanda ya bari kuma wani ya zo ya ɗebe da dare. A da manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, ya ba shi hatsi, shanu su bar masa taki. Yau an cinye burtali da noma, shanun gari guda suna matsuwa a siririyar hanya ɗaya, kofato ya niƙe ta, damina ta mai da ita kwari. Ga masu tifa suna kwasar yashi a gindin gada da bakin gaɓa, ƙorama tana zurfafa, gonakin gefe na ruftawa. A birni kuma kowa ya yi rufin kwano ya malale tsakar gida da siminti ya sako wa titi ruwansa, magudana cike da leda. Mutanen Gombe sun san ƙarshen wannan, kwazazzabai sun raba unguwanni sun ci gidaje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da diga ke warwarewa. Sai an zauna, da mai unguwa da liman da arɗo da masu gonakin sama da na ƙasa, an yi magana a fili, an rubuta wanda zai yi kaza da wanda zai samu kaza. Ku da kuka yi karatu, nan ne amfaninku. Ku ne za ku iya zana taswirar kwarin garinku a takarda, ku duba hotonsa daga sama a wayarku, ku nuna wa dattawa inda ruwan ke fitowa. Ku je musu da ladabi, don sun fi ku sanin inda tsohuwar ƙorama ta bi kafin a haife ku.

Gwamnati ma tana da nata rabon. A 2012 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya dala miliyan 500 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya fara daga jihohin kudu kafin ya iso arewa. A ƙarshen 2021 kuma aka amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1. Ku sani rance ne, ba kyauta ba, kuma ku ne za ku biya shi da guminku. Don haka kuna da haƙƙin tambaya. Idan aka zo garinku aka malale bakin kwari da kankare aka kafa allo, ku tambayi abin da aka yi wa tuddan da ke zuba masa ruwa, ku tambayi wanda zai kula da aikin bayan ɗan kwangila ya kwashe injunansa. Idan babu amsa, an dai sayi 'yan shekaru ne da tsada.

Na san da yawanku da an gama ɗaure dawa sai tasha, kuma ban ga laifinku ba, aljihu ne ke kora. Amma aikin nan duk na rani ne, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da ƙauye ke komawa na tsofaffi da mata da yara. Ba na ce ku fasa ci-rani ba. Ina roƙon ku ku ware mako biyu, kafin tafiya ko bayan dawowa, ku haɗu ku biyar ko goma, ku ari tiyo, ku zaɓi gefe ɗaya na gona ɗaya ku gyara, ku bar ɗaya gefen yadda yake don maƙwabta su gwada da idonsu ranar girbi. Wanda gonarsu ke can saman tudu a cikinku, da tasu za a fara.